Maigida na haki da rana duk da injin barcin da muka saya

Sakon da ya shigo: "Salam Anti, dan Allah a boye sunana. Mijina shekarunsa 48, dan kasuwa ne, yana da jiki sosai kilonsa 118 tsayinsa mita 1.70, kuma yana da hawan jini. Tun aurenmu yake minshari amma shekarun nan abin ya canza, sai yayi shiru kamar babu rai sannan ya zabura da wani irin gurnani. Bara akayi masa gwajin barci akace numfashinsa na daukewa sau 52 a awa daya, akace ya sayi injin CPAP muka saya da kudi masu yawa. Yana sawa wani lokacin, in an dauke wuta shikenan, wani lokacin ma cikin dare yake fizge abin ya yar. To yanzu wata hudu kenan da rana ma numfashin yake masa wuya, in zai hau benen shago sai ya tsaya a tsakiya yana haki, baya iya dadewa a sujuda, kafarsa na kumbura da yamma, da safe ciwon kai, yana cikin hira da baki sai gyangyadi, rannan har a mota yayi barci muna tsaye a danja. Shi yace kiba ce kawai, mai kemis ya bashi inhela. Kaninsa yace mu sayi tukunyar oksijin. Anti ciwon barcin ne ya biyo shi har rana? Ya rika sa injin da rana ne ko mu sayi oksijin din? Asibiti kuma yaki zuwa yace ai an riga an gano ciwon."

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya bashi lafiya, ke kuma sannu da kokari dan nasan ba karamin abu bane mace ta kwana ido biyu tana kasa kunne ko mijinta zai ja numfashi na gaba.

Gaskiyar magana wannan ciwo na daukewar numfashi cikin barci, shi kadai, baya hana mutum numfashi yana farke. Abin da ke faruwa da dare shine naman makogwaro da gindin harshe suna saki idan barci yayi nauyi, sai su fado su toshe hanyar iska, kirji na ta ja amma babu abin da ke shiga, har sai kwakwalwa ta ji an matsu ta zaburar da mutum, wannan gurnanin da kike ji kenan. Amma in mutum na farke naman nan a tsaye yake kyam, hanya a bude take. Shi yasa abin da ciwon ke barwa mutum da rana shine barci, kasala, mantuwa, saurin fushi, ciwon kai. Haki a tsakiyar bene da kumburin kafa ba nasa bane, wani abu ne na biyu ya shigo, ko dai ciwon barcin ne ya haifo shi cikin shekaru ko kuma ya zo ne ya same shi. Saboda haka maganar maigida cewa an riga an gano ciwon, eh an gano daya, na biyun ne har yanzu ba wanda ya duba, kuma shi yafi bani tsoro.

Ki yi lissafi da kanki, sau 52 a awa, in yayi barcin awa 6 ya haura sau 300 kenan a dare daya. Likitoci suna cewa daga 5 zuwa 15 karami ne, 15 zuwa 30 matsakaici, abin da ya wuce 30 mai tsanani, toh kinga inda naku yake. Duk daukewa daya oksijin din jini na sauka, jiki ya firgita, zuciya ta kara gudu, jini ya hau. A mutum lafiyayye da dare jini sauka yake, zuciya ta dan huta, shi kuma nasa da dare ne ake mata aikin karfi, shekara da shekaru, ga hawan jini dama can. Karshe naman zuciya yayi kauri ya taurare ko kuma ya gaji ya saki, ta kasa tura jini yadda ya kamata, ruwa ya fara taruwa a huhu da kafafu. Wannan shine abu na farko da nake so a duba masa. Akwai abubuwan da ke zaki iya lura dasu tun a gida, filo nawa yake tarawa yanzu kafin ya iya kwanciya, in da daya ne yanzu ya koma uku ko ma yafi son barci a kujera to ki rike wannan ki gayawa likita. Ki danna yatsa a kan kashin kwabrinsa da yamma ki kirga biyar ki dauke, in wajen ya lotsa ya ki dawowa da wuri, ruwa ne ba kiba ba. Shatin safa ko na takalmi da ke zama a kafa shima haka. Maganar sujuda ma ba karamar alama bace, eh tumbi na danne huhu in mutum ya sunkuya, amma masu raunin zuciya ma suna samun haka, da sun duka ko daure igiyar takalmi ne cikin rabin minti numfashi ya sarke. Ki kuma kama hannunsa ki ji bugun, in yana tafiya babu tsari, biyu da sauri daya a hankali sannan shiru, akwai wani rikicewar bugun zuciya da ya yawaita a masu wannan ciwon barcin kuma yana iya kawo shanyewar barin jiki in ba'a kula ba.

Abu na biyu kuma, shi ne mutane basu sani ba sam, har wasu ma'aikatan lafiya yakan wuce su. Da kilo 118 a tsayin 1.70 ma'aunin kibarsa ya kai wajen 41, alhali daga 30 ake cewa mutum na da kiba. Akwai wani ciwo da ke kama masu irin wannan jikin inda numfashin ke zama sama-sama har da rana, nauyin kirji da ciki ya hana huhu budewa sosai, sai gurbatacciyar iskar da ya kamata a fitar, wato kabon, ta rika taruwa a jini. Da farko da dare kawai take taruwa da safe jiki ya wanke ta, a hankali kwakwalwa ta saba da ita ta daina jin haushinta, ta daina matsawa mutum yaja dogon numfashi, shikenan sai ta zauna har rana. Wannan iskar ce ke kawo ciwon kan safe mai nauyi din nan da gyangyadi a tsakiyar magana, kuma tana matse jijiyoyin huhu har bangaren dama na zuciya ya wahala kafa ta kumbura. Kusan 9 cikin 10 na masu wannan matsalar suna da daukewar numfashi cikin barci, dan haka tare suke tafiya kuma sau da yawa a gano daya a manta da dayan. Abin da kika lissafa min, ciwon kai da safe, barci a gaban baki, haki, kumburi, da kilon nan, wlh ya zauna daidai da wannan sosai. Gwajin farko ma bashi da tsada, cikin gwajin koda da ake yi na jini akwai wani abu bikabonet, in yana kasa da 27 da wuya ace wannan ne, in ya kai 27 ko ya wuce sai a debi jini daga jijiyar wuyan hannu a auna kabon din kai tsaye, in ya haura 45 yana farke to an same shi.

Daga nan ne maganar oksijin ta zo, kuma dan Allah ki gayawa kanin nasa da kakkausar murya amma cikin ladabi, kar a saya. Nasan niyyarsa mai kyau ce, mutum na haki sai ace a bashi iska. Amma wanda kabon ke taruwa a jininsa in aka sake masa oksijin babu awo, kabon din karuwa yake yi, sai kiga mutum ya lafa ya daina haki kuna murna ya samu sauki ashe suma yake shiga. A asibiti ma irinsu a hankali ake basu, ana rike awon yatsa tsakanin 88 zuwa 92, ana kallo. Oksijin magani ne mai ka'ida, likita ke yankewa bayan gwaji. Ga kuma hadarin tukunya a gidan da ake girki da gas da yara na guje-guje.

Sa injin da rana yana zaune a shago shima ba zai hana shi haki ba. Shi CPAP ba oksijin bane, iskar daki ce kawai yake turawa da dan karfi ta rike makogwaro a bude, tun 1981 da wani likita Colin Sullivan ya fito dashi a Ostireliya aikinsa kenan. Makogwaron da yake a bude kuma me za'a bude masa? Inda zai sa da rana shine in zaiyi kailula, ko ta minti ashirin ce, duk barci da injin.

Akwai sauran abubuwa da likita zai duba wadanda bazan dade a kansu ba, karancin jini, asma, huhun da taba ko shisha ko hayaki ya cinye, tarin fuka in akwai tari da rama da zufar dare, makoko wato tayirod din wuya da baya aiki sosai wanda shi kansa yana kara kiba da minshari, da koda. Ita inhelar mai kemis in asma ce zata taimaka, in zuciya ce babu abin da zata kara masa sai bugun kirji da rawar hannu, kuma tana sa mutum ya dauka yana kan magani alhali lokaci na tafiya. Ni abin da ke bata min rai kenan, wata hudu mutum na kumbura ana bashi abin shaka ba wanda ya dora masa abin sauraro a kirji.

In kun je, kuma ina nufin cikin satin nan ba bayan sallah ba, ku nemi likitan zuciya ko na kirji, asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya duk suna dasu, in kuna nesa babban asibitin jiha ya fara ya tura ku. Abubuwan da za'a bukata galibi sune awon jini, gwajin bugun zuciya na ECG, hoton zuciya da ake kira eko, hoton kirji, gwajin yawan jini, na koda da bikabonet din da na fada, suga, makoko, sai gwajin hura iska na huhu. Ku tafi da takardar gwajin barcin bara, da duk kwalayen magungunan da yake sha har na gargajiya, da injin kansa. Yawancin injinan nan akwai dan kati a jikinsu kamar na waya da ke rubuta awa nawa aka sa kowane dare, iska na zurarewa ko bata zurarewa, da sau nawa numfashi ya dauke duk da an sa, dan haka ba sai anyi musu da maigida kan yana sawa ko baya sawa ba. In ya tabbata kabon na taruwa wasu CPAP din ma ya ishe su in suna sawa da gaske, wasu kuma sai an canza musu zuwa BiPAP mai karfi biyu, daya na shaka daya na fitarwa.

Ki sayi dan abin awon oksijin din nan na makalawa a yatsa, wanda ya yawaita lokacin korona, yafi miki tukunya amfani nesa ba kusa ba. Ki auna yana zaune ya huta, hannu da dumi, sannan ki sake aunawa da ya hau bene, ki rubuta a littafi da kwanan wata. Lafiyayye 95 zuwa sama yake. Sai dai ki sani abin nan yakan yi mana karin maki mu bakar fata, wani bincike a jami'ar Mishigan ta Amurka a 2020 ya nuna yana boye saukar oksijin a bakake kusan ninki uku fiye da fararen fata, dan haka in ya nuna 93 mutum kuma na haki ki yarda da idonki. Kuma baya auna kabon ko kadan.

Yanzu injin. Sawa jefi-jefi kusan daidai yake da ajiye shi a kwali, dan ba warkarwa yake ba, daren da ba'a sa ba ciwon na nan yadda yake. Mafi karancin da likitoci ke kirgawa shine awa 4 a dare, amma ni bana son mutane su rike wannan lambar, saboda barcin mafarki wanda a cikinsa jiki yafi saki numfashi yafi daukewa, yawancinsa a karshen dare yake, wajen asuba. Wanda ya fizge abin karfe biyu ya cire shi ne daidai lokacin da yafi bukatarsa. Fizgewar kuma tana da dalili, ba taurin kai bane kawai, ko abin fuskar bai dace da shi ba yana hura masa iska a ido, ko hanci a toshe, ko baki na bushewa musamman da hunturu, ko karfin iskar yayi masa yawa a farko. Duk ana gyarawa, akwai na hanci kadai akwai mai rufe hanci da baki, mai gemu sau da yawa na cikin hanci yafi zama masa, akwai saitin da ke farawa a hankali har mutum yayi barci. Kar dai ku taba lambar karfin da kanku. Matsalar wuta kuwa, kudin da za'a kashe a tukunyar oksijin a sa su a karamin inbata da batir ko sola, injin baya cin wuta sosai, bangaren dumama ruwan ne mai ci, in batir yayi kasa a kashe shi. In janareta ne to a waje can nesa da taga, kar a kuskura a sa shi a baranda ko lungun daki, gubar da ke cikin hayakinsa bata da wari kuma ta sha kashe iyali guda a dare daya.

Ki binciki durowarsa kuma. Maganin barci irin su baliyam, tiramadol, maganin tari mai kodin, har na mura masu sa barci, duk suna kara danne numfashi, ga mai irin matsalarsa suna iya zama ajali. Ciwon kan safen nan in diklofenak ko ibufurofen yake sha masa kullum ya daina, suna rike ruwa a jiki su hau da jini su taba koda. Kar kuma wani yace a siyo maganin fitsari dan kafa ta sabe ba tare da gwaji ba. A tukunyarki ki rage gishiri da dunkule da kanwa tun yau, wannan ba sai an jira likita ba. Rage kiba dole zai zo, ko kashi 10 cikin dari ya sauke wato kilo 12 daukewar numfashin na raguwa da kusan kashi daya bisa hudu, amma ba yanzu za'a ce ya fita gudu ba, a fara sanin halin da zuciyar take ciki.

Mota kam babu sassauci, mutumin da yayi barci a danja ya ajiye makulli har sai an shawo kan abin. Masu wannan ciwon da basa magani hadarin mota a wajensu ya ninka na sauran mutane fiye da sau biyu, kuma ba ransa kadai bane a titi. A samu yaron shago ko kanin nan nasa ya rika ja.

Saura babban aikin, kai shi asibiti. Kinsan mazanmu, in kika ce masa kiba tayi yawa ko baka jin magana kin rufe kofa kenan. Shi bai taba ganin kansa yana barci ba, labari yake ji, dan haka ki dauke shi a waya na minti biyu daren da bai sa injin ba, yadda kirjin ke ja babu iska da yadda yake zabura, ki nuna masa ku biyu a daki bayan yaci abinci, ba gaban yara ba kuma kar ki turawa kowa. Sannan ki danna masa kafar ya gani da idonsa. Kice masa ke ba cewa kikayi likitan bara yayi kuskure ba, wannan sabon abu ne kike so a duba dan hankalinki ya kwanta. In yaki, kowane namiji akwai wanda baya iya musa masa, Hajiyarsa ko yayansa ko amininsa na kasuwa, ki je musu da maganar kafa da barcin mota, ba da maganar minshari ba dan wannan dariya zasu yi. Kanin ma tunda ya damu har yana maganar oksijin, ki juya shi ya zama shine mai karbo kati. Sallah kuma ya yi a zaune in sujuda na sarke shi, addini ya bada wannan damar, ba sai ya zube a sahu ba.

Amma akwai halin da ba'a jiran lallashi. In kika ga yana haki alhali yana zaune ba abin da yake yi, ko baya iya hada jimla sai ya tsaya, ko ciwon kirji, ko lebe da harshe sun canza sun yi duhu-duhu, ko yana sambatu, ko kina tashinsa yana kasa farkawa sosai, ko tari da jini ko kumfa, ko kafa daya tak ta kumbura tana zafi, ko awon yatsa ya sauka kasa da 90 ya ki hawa, ko karfe nawa ne ku nufi gaggawa, a zaune za'a dauke shi a mota ba a kwance ba. Kina isa ki gaya musu da bakinki yana da daukewar numfashi cikin barci mai tsanani kuma ana zargin kabon na taruwa masa, dan su san yadda zasu bashi oksijin da irin allurar da baza su yi masa ba. Ki sa injin a jaka ku tafi dashi. In an yi gwaje-gwajen ki turo min abin da eko da bikabonet suka nuna, Allah ya sa a dace.